Ranar da Na Baje Katunana Gaban Farfesoshi

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a shekarata ta uku a Kuala Lumpur ba. Har yau idan ta faɗo mini a rai, ko da ina tsakiyar cin abinci ne, sai na ajiye cokali na ji kunnuwana sun ɗauki zafi.

Digiri na uku na je yi a fannin injiniyancin noma, da tallafin gwamnati. Ni mutumin Kura ne, na taso ina ganin yadda tumatir yake ruɓewa a bakin titi idan ya yi yawa, manoma suna tsaga shi suna shanyawa a ƙasa, yashi ya ɗauki rabonsa, awaki su ɗauki nasu. Shi ya sa na zaɓi in ƙera na'urar busar da tumatir da zafin rana. A takarda aikin ya yi kyau ƙwarai, ni kaina idan na karanta sai in ji ina burge kaina. Abin da ban yi tunani ba shi ne, na kwaso aikin shanya na kawo shi ƙasar da ko wanki ka shanya sai ya yi kwana biyu yana shawarar bushewa. Rana za ta fito da safe kamar da gaske, ƙarfe uku na yamma hadari ya haɗu, ruwa ya tsuge. Iskar garin kanta a jiƙe take. Sai in jera tumatir a cikin na'urar a kan rufin sashenmu, in dawo bayan kwana uku in tarar ya yi fumfuna, fari da kore, kamar an lulluɓe shi da bargo.

Wata huɗu ina cikin wannan hali ban gaya wa kowa ba. Malamar da ke duba aikina, Farfesa Rohana, 'yar ƙabilar Malay ce, 'yar ƙaramar mace mai sanyin murya, a Ingila ta yi karatunta. Duk ƙarshen wata nakan aika mata rahoto cewa aiki yana tafiya. (Ba ƙarya ba ce gaba ɗaya. Yana tafiya, sai dai baya yake yi.) Ga shi kuma wa'adin tallafina ya kusa cika, ba kuma za a ƙara mini lokaci ba sai kwamitin malamai uku sun sa hannu. In ba su sa ba, sai in tattara matata da 'yata mu koma gida hannu rabbana, in shiga kwalejin da ta ba ni hutun karatu in yi wa abokan aiki bayanin yadda tumatir ya fi ƙarfina.

Akwai wata ɗabi'a da nake da ita a lokacin, ita ce ta kai ni ta baro. Duk abin da malami ya faɗa, kafin ya rufe baki na ce "Yes, Prof." Na gane, ban gane ba, amsar ɗaya ce. A ganina mai neman digirin digirgir bai kamata a ji yana cewa bai fahimta ba.

Ranar Litinin Farfesa Rohana ta kira ni ofishinta, ta ce kwamiti zai zauna da ni ranar Alhamis. Ta dube ni ta saman tabarau, ta ce da Turanci, a hankali kamar mai lallashin yaro: "On Thursday, I want you to put all your cards on the table. All of them." Sannan ta ƙara da kalmar da mutanen ƙasar suke tambayar ko abu zai yiwu: "Boleh?"

Na ce, "Boleh, Prof."

To, kafin ku fara dariya ku bari in kare kaina. A iya sanina, kati abu ne da ake riƙewa a hannu. Katin waya, katin asibiti, katin zaɓe, katin ɗaurin aure, katin banki. Da na zo Malesiya kuma sai na tarar rayuwar baƙon ɗalibi gaba ɗayanta a kan kati take tafiya. Ba ka shiga ƙofar makaranta sai da kati, ba ka hawa jirgin ƙasan cikin gari na LRT sai da kati, ba ka ganin likita sai da kati, ɗan sanda ya tsayar da kai kati zai fara tambaya. A daidai wannan watan ma ofishin baƙin ɗalibai ya liƙa sanarwar sabunta biza, kowa yana ta yawo da takardu a cikin leda. Sannan ni ban taɓa yin karta ba a rayuwata. Mahaifinmu ya taɓa kama yayana da ita a zaure, abin da ya biyo baya ya ishe mu darasi mu duka har da waɗanda ba a haifa ba a lokacin. Ina zan san cewa maganar Farfesa daga teburin 'yan karta ta fito?

Akwai wadda ta sani, a cikin gidana take kwana. Matata Sa'adatu Turanci ta karanta a jami'a, ta koyar da shi shekara shida a sakandare kafin ta ajiye aikin ta biyo ni. Tambaya ɗaya ta isa. Amma in na tambaye ta, za ta ce wane zama ne wannan, in na ce na kwamiti ne, za ta ce me ya faru, daga nan sai maganar tumatir ta fito, ita kuwa a saninta aikina lafiya lau yake. Sai na tsallake ta na tafi wajen Malam Auwalu.

Malam Auwalu ɗalibi ne kamar ni, sai dai shi ya shekara bakwai a garin, duk sabon zuwa wajensa yake neman shawara. Ya san inda ake samun gida da sauƙi, ya san kedai, wato kanti, da ke sayar da manja, ya san kuma amsar kowace tambaya, har wadda bai sani ba. Bayan la'asar muka haɗu a wani shagon shayi na Indiyawa Musulmi, irin waɗanda ake kira mamak, a bayan Masjid India. Na faɗa masa maganar Farfesa kalma da kalma. Ya kurɓi shayinsa, ya gyaɗa kai kamar likitan da ya sha ganin irin cutar.

"Verification ne," in ji shi. "Tantancewa za su yi maka kafin su ƙara maka lokaci. Bara an yi wa wani haka."

"Wane ne?"

"Ba ka san shi ba. Kai dai ka kai musu komai, kada ka bar ko ɗaya. Ba ta ce maka all of them ba?"

"Haka ta ce."

"To ka gani. Ka haɗa da photocopy, saiti uku. Mutanen nan ba sa wasa da documents, lah." Da "lah" ɗin nan 'yan garin suke ƙarasa magana, shi ma ya ɗauka.

Wallahi sai na ji wani sanyi a raina. Ashe ba maganar tumatir ba ce, maganar takardu ce. Takardu kuwa nawa a cike suke. Har na yi wa Sa'adatu tapau na soyayyar shinkafa, wato na sa aka ƙunsa mini na tafi mata da ita gida, saboda murna.

Ranar Laraba ban taɓa littafi ba. Na zazzage walat, na zazzage akwati, na gano katin laburare ya daina aiki, na je na bi layi na sabunta shi. Da yamma ina zaune a falo ina goge katunan ɗaya bayan ɗaya da tsumma, Sa'adatu ta fito daga kicin ta tsaya a kaina.

"Abban Hanan, me za a yi da katin rigakafin shawara kuma? Tafiya ta kama ne?"

Ban ko ɗaga kai ba na ce, "Sha'anin makaranta ne, ba za ki gane ba."

(Cikin duk abin da na aikata a makon nan, wannan maganar ce ta fi yi mini ciwo in na tuna.)

Ta ce, "Allah ya ba da sa'a," ta koma kan tukunyarta.

Alhamis na sa farar shaddata da hula, na fesa turare. Ɗakin taron sanyi ƙalau. Farfesa Rohana tana tsakiya. A damanta Dakta Lim, wani siririn Basine da ba ya yawan magana, masanin iska da zafi. A hagunta Farfesa Raj, dattijo Ba'indiye mai farin gashin baki, saura kaɗan ya yi ritaya. Na tashi na yi bayani na minti ashirin, na nuna zanen na'ura, na nuna tarihin noman tumatir, na zagaye sakamakon gwaji kamar yadda mai babur yake zagaye rami. Da na gama, ba wanda ya yi tambaya. Farfesa Rohana ta haɗa hannuwanta ta ce, "Yanzu sai abin da muka yi magana ranar Litinin."

Na ce, "Yes, Prof," da murmushina.

Na matso gaban teburin, na zaro walat, na fara jerawa, ina kiran sunan kowanne kamar mai gabatar da kayan lefe. Katin ɗalibi. Katin shaidar zaman baƙo. Katin inshorar lafiya. Katin laburare, na ƙara da cewa jiya-jiya aka sabunta shi. Katin jirgi. Katin banki. Katin rigakafi. Lasisin tuƙi na gida. Katin zaɓe. Da na leƙa walat na ga saura ɗaya, sai na tuna an ce kada in bar ko ɗaya, na zaro shi ma na ajiye. Katin shagon shayi ne, irin wanda ake buga maka hatimi duk kofin da ka sha, in ya cika goma a ba ka ɗaya kyauta.

Na daidaita su suka miƙe sak, na ja da baya taku ɗaya, na ce, "Akwai photocopy, kowa saiti ɗaya."

Ƙarar na'urar sanyaya ɗaki kawai nake ji. Dakta Lim ya miƙa hannu ya ɗauki katin shayin, ya juya shi, ya ƙirga hatiman da yatsa, ya ce ba tare da ko murmushi ba, "Saura biyu ka sha na kyauta."

Nan Farfesa Raj ya fashe. Ya yi dariya har ta zama tari, ya cire tabarau yana share hawaye. Farfesa Rohana ta ja gefen mayafinta ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Ni kuwa ina tsaye ina murmushi, irin murmushin wanda ya san an yi abin dariya amma bai gano cewa shi ne ba.

Da ta samu numfashi, ta ce in zauna. Ta yi mini bayani cikin tausayi, wanda ya fi dariyar zafi. Ta ce maganar ta 'yan karta ce. Mai wasa yakan ɓoye abin da ke hannunsa kada abokin hamayya ya gani. Idan aka ce ya ajiye katunansa a kan tebur, ana nufin ya daina ɓoye-ɓoye, ya fito da gaskiyar abin da yake ciki kowa ya gani.

Na dubi katunana goma a jere, hotona yana kallona daga kan guda biyar. Da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata.

Sai Farfesa Rohana ta ƙara da cewa, a hankali, "Na hau rufin nan sau biyu. Na ga tumatirinka. Jira nake ka faɗa mini da bakinka."

Wani abu ya faru da ni a nan wanda ban zata ba. Wata huɗu ina ɓoye maganar don kada mutuncina ya zube a gaban mutanen nan uku. To ga shi ya riga ya zube, har da katin shayi a kai. Babu sauran abin karewa. Sai kawai na ji bakina ya buɗe. Na ce na'urar ba ta aiki. Na ce duk gwajin da na yi ya ruɓe. Na ce rahotannin da na aika ba su faɗi gaskiya ba, tsoro ne ya sa, tsoron a kore ni in koma gida da iyali ba komai a hannu.

Dakta Lim ya ce, "Ka rubuta wani abu a lokacin da yake ruɓewar?"

Wannan kam na yi. Ko da abin yake lalacewa ban fasa aunawa ba, saboda ban san me zan yi da kaina ba in ban auna ba. Zafi da damshin iska, ciki da wajen na'ura, safe da rana da yamma, na wata huɗu cur, da hotunan kowace ruɓa. Na buɗe kwamfuta na nuna masa. Ya jawo ta gabansa, ya tura katunana gefe da bayan hannu, ya yi ta karantawa kusan minti goma. Sannan ya ce, "Wannan ai shi ne aikinka. Me ya sa ka ɓoye shi ka zo kana ba mu tarihin tumatir?"

Ya ce matsalar ba zafi ba ce, damshi ne, kuma alƙalumana sun nuna daidai inda fumfuna take fara kamawa. Ya ce akwai hanyar da za a sa iskar ta bi ta cikin wani abu mai tsotse damshi kafin ta isa ga tumatirin, rana ta busar da abin a sake amfani da shi. Farfesa Rohana ta tambaye ni ko a garinmu ana iya shanya da damina. Na ce ba a iyawa, nan ne ma asarar take fin yawa. Ta ce, "To na'urar da ta yi aiki a Kuala Lumpur za ta yi aiki a damanarku. Ruwan da kake zagi taimakonka yake yi."

Ta yi mini faɗa sosai a kan rahotannin, ba wasa a ciki, ta ce in na sake za ta cire hannunta daga aikina. Na ba da haƙuri. Suka yi 'yar shawara a tsakaninsu, sai Dakta Lim ya ce, "I think an extension is on the cards."

Idona ya kai kan katunan da ke tebur kafin in hana shi. Farfesa Raj ya gani, ya fara shirin sake fashewa. Bakina har ya buɗe zai ce "Yes," sai na kama shi. Na ɗaga hannu kamar ɗan firamare na ce, "Don Allah, wannan kuma me take nufi?"

Dakta Lim ya ce tana nufin da alama abin zai samu, za a ƙara mini lokaci. A ranar ne na fara ganin haƙoransa.

Ina tattara katunana, Farfesa Raj ya ce, "Young man, you are quite a card." Na sake tambaya, tunda na riga na fara. Ya ce ana faɗa wa mutum mai ban dariya ne, wanda ba a rasa abin nishaɗi in yana wuri. Ashe dattijon mai son tonon asalin kalmomi ne. Ya riƙe ni a tsaye ya ce kalmar daga Faransanci ta shigo Turanci, Faransanci ya gado ta daga Latin, Latin kuma ya aro daga Girkanci, inda take nufin fallen abin rubutu da ake yi da wata irin ciyawar bakin kogi. Ya ce da ta shigo Turanci da karta aka fara saninta, shi ya sa yawancin salon maganar da ake yi da ita na 'yan karta ne. Ya ce Larabawa ma daga tushen nan suka samo kalmarsu ta takarda, ya faɗe ta, sai na ji ashe ƙirɗasi ne, wanda muke ji tun muna makarantar allo. Ya tambaye ni yadda muke cewa da Hausa. Na ce kati, na wasa kuma karta. Ya ji daɗi ƙwarai, ya rubuta a ɗan littafinsa, ya ce to duk 'yan gida ɗaya ne da kad ɗin mutanen Malay. Har katan ɗin da muke zuba taliya a ciki, in ji shi, ɗan'uwansu ne.

A jirgin ƙasa ina komawa gida na yi ta tsara yadda zan faɗa wa Sa'adatu. Na yanke shawarar in fara da abin dariyar. Na same ta tana ninke kaya, na zauna na ba ta labari. Tun daga wajen da na maimaita maganar Farfesa ta dafe kai, ta san inda aka dosa. Da na kai kan katin shayi ta zame daga kujera ta zauna a ƙasa tana riƙe da ciki. Na bari ta gama, sannan na faɗa mata ɗaya maganar, ta tumatir.

Dariyar ta ɗauke.

"Wata nawa?"

"Huɗu."

"Wata huɗu kana shigowa gidan nan kana ce mini lafiya lau." Ta ɗauki wata rigar Hanan ta ninke ta, ta warware, ta sake ninkewa. "Abban Hanan, na bar aikina na bar uwata na biyo ka ƙasar da ban san kowa ba. In jirgin nan zai nutse ai da ni zai nutse. Ba ni da haƙƙin in sani?"

Na ce ta yafe mini. Ta yi kwana biyu tana amsa mini da e ko a'a. A rana ta uku ta ce in kawo babin farko na kundina ta gani, ta mayar mini da shi jawur da gyara. Daga nan duk shafin da na rubuta sai ya bi ta hannunta kafin ya isa ga Farfesa, ita kuwa Farfesa har ta yaba cewa Turancina ya samu lafiya.

An ƙara mini shekara ɗaya. A wata na biyar na buɗe na'urar na tarar da tumatir ja, busasshe, yana ƙamshi, ba ɗigon fumfuna. Na ɗebo a leda na kai gida, Sa'adatu ta yi mana miya da shi, muka ci da tuwon shinkafa. Yanzu haka akwai irin na'urar guda biyu da muke gwadawa da wata ƙungiyar manoma a gida, ana kuma samun ci gaba, a wannan karon gaba yake yi.

Abin da na koya ba mai tsawo ba ne. Na shafe wata huɗu ina tsoron a gane ban iya busar da tumatir ba, sai ga shi abin da ya cece ni shi ne an gane ban iya Turanci ba. Gaskiyar da na faɗa bayan an gama yi mini dariya, da na faɗe ta tun farko da an taimake ni tun farko, da mutuncina a jikina.

Shi kuwa Malam Auwalu, kafin sati ya zagayo ya kai labarin kowane lungu da Bahaushe yake zaune a Kuala Lumpur, ya dai manta bai faɗi wanda ya ba ni shawarar ba. Yau akwai manyan malamai a Sakkwato da Gombe da Katsina da muka yi zamani tare, waɗanda in ka faɗa musu sunana na yanka sai su yi ta tunani. Amma ka ce Dakta Kati, nan take za su ce a gaishe ni. Ni ma na daina musu, in an kira ina amsawa.